Da Ɗan Gari Akan Ci Gari: Tsutsar Ciki Da Zazzaɓin Da Ba Maleriya Ba

Mai karatu, yaushe rabonka da shan maganin tsutsar ciki? In dai a wannan ƙetaren na Kogin Kaduna ka tashi, ko Kakuri ne, ko Makera, Barnawa, Nasarawa, Kudenda, Television, Narayi ko Sabon Tasha, da wuya in ba tun kana firamare ba ne, ranar da aka jera ku a layi aka ba kowa ƙwaya ɗaya ya tauna. Daga nan ka rufe babin. A wurinmu tsutsar ciki ciwon yara ce, abin tsokanar wanda ya cika ci bai ƙiba. Babban saurayi mai gemu ko budurwa mai aji ba za su tsaya gaban mai kemis su ce a ba su maganin macijin ciki ba, ai da kunya.

To zazzaɓin da ka yi na ƙarshe fa, me aka ce maka? Ba sai ka faɗa ba: maleriya da taifot. Kusan duk zafin jikin da ke kama mutum a garin nan sunansa ke nan, ko an gwada jini ko ba a gwada ba.

Ra'ayina a wannan makon shi ne waɗannan ɗabi'u biyu, raina tsutsa da kiran kowane zazzaɓi maleriya, suna gab da jawo mana asarar da ba mu shirya mata ba. Akwai wasu cututtukan bairos da sauro ke yaɗawa waɗanda suka fara zagaye mu, kuma tsutsar da muka raina tana cikin abubuwan da ke iya buɗe musu ƙofa.

Baƙin da ke bakin ƙofa

Maleriya ba bairos ba ce, wata ƙwayar halitta ce daban, kuma maganinta ba ya taɓa bairos ko kaɗan. Amma sauro yana ɗauke da wasu kayan bayan maleriya: zazzaɓin dengi, zazzaɓin shawara, cikungunya, Zika, zazzaɓin Yammacin Nilu da na Kwarin Rift. Duk bairos ne, kuma farkonsu da zafin jiki da ciwon kai da ciwon gaɓoɓi suke zuwa, sak maleriya.

Kada ka ɗauka labarin Asiya ko Kudancin Amurka nake ba ka. Tun shekarun 1960 masu bincike a Ibadan suka gano dengi a jinin 'yan Najeriya. A ƙarshen 2023 Hukumar Daƙile Cututtuka Masu Yaɗuwa ta Ƙasa, NCDC, ta tabbatar da ɓarkewarta a Sakkwato. A shekarar dai ta kashe sama da mutum 700 a Burkina Faso, kuma Chadi ta sanar da tata ɓarkewar a garin Abeche. A 2016 zazzaɓin Kwarin Rift ya kashe mutane da dabbobi a jihar Tawa ta Nijar. Shawara kuwa ta dawo Najeriya a watan Satumban 2017 daga jihar Kwara, a 2019 ta ɓarke a Alkaleri ta jihar Bauchi, wajen gandun dajin Yankari, a 2020 ta yi ɓarna a Delta da Inugu. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce cikin waɗanda shawara ta yi wa mugun kamu, wajen rabinsu ke mutuwa cikin kwana 7 zuwa 10.

Daga Sakkwato ko Bauchi zuwa Kaduna tafiyar yini guda ce a mota. Mai ɗauke da bairos a jininsa ya sauka a garejin Television, sauron unguwa ya cije shi, bayan kwana 8 zuwa 12 wannan sauron ya zama mai rabawa. In gemun ɗan'uwanka ya kama da wuta, ka san abin da ake yi.

'Yan gidan da muka saba da su

Su kuma tsutsotsi sun daɗe a cikinmu. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa mutum biliyan 1.5, kusan ɗaya cikin huɗu na mutanen duniya, suna ɗauke da tsutsotsin da ake ɗauka daga ƙasa. Akwai macijin ciki, wanda ƙwansa ke shiga baki ta hannun da ba a wanke ba ko latas da kabejin da aka yi wa ban-ruwa da ruwan ƙazanta. Akwai tsutsa mai ƙugiya, wadda ke huda tafin ƙafar mai yawo ba takalmi, ta je ta maƙale a hanji tana tsotsar jini. Akwai tsargiya, da ke fitowa daga jikin dodon koɗi ta shiga fatar mai wanka ko wanki a rafi da kududdufi. Wani nau'inta kan sa fitsarin jini, wani kuma hanji da hanta yake lalatawa a hankali. Sannan akwai tsutsar tundurmi da gwaiwa, wadda ita sauro ne ma ke yaɗa ta.

Matsalar ita ce mafi yawan masu ɗauke da su ba su kwanta ba. Suna zuwa makaranta, suna tuƙa Keke Napep, suna buga ƙwallo da yamma. Sai dai yawan kasala, jiri in an miƙe, idon da ya yi fari fat in an ja fatarsa ƙasa. Mutum ya saba da hakan har ya ɗauka haka Allah ya yi shi.

Inda suke haɗuwa

Wuri na farko shi ne garkuwar jiki. Jikin mutum yana da salon yaƙi fiye da ɗaya. Wanda yake yi da tsutsa, wato yawaita majina a hanji da motsa shi don ya tunkuɗo ta da gyara inda ta raunata, daban yake da wanda yake yi da bairos, inda sai an nemo ƙwayoyin jikin da bairos ya ɓuya a ciki an kashe su. Waɗannan salon biyu suna danne juna. Ƙari a kan haka, tsutsar da za ta yi shekaru a cikin mutum ta ƙware wajen lallashin garkuwar jiki ta kwantar da kai, don kada a kore ta. Jikin da aka lallasa haka, in bairos ya shigo, yana iya samunsa da shirin da bai dace ba.

A 2021 masu bincike a Jami'ar Washington da ke St. Louis a Amurka suka wallafa wani gwaji a mujallar kimiyya ta Cell. Sun sa wa ɓeraye bairos na Yammacin Nilu, wasu masu tsutsar hanji, wasu marasa ita. Masu tsutsar sun fi mutuwa. Da suka bi diddigi sai suka ga bairos ɗin ya lalata jijiyoyin hanjinsu, bangon hanjin ya yi rauni, ƙwayoyin cutar da ke zaune a ciki suka tsallaka cikin jiki, su kuma ƙwayoyin jinin da ke farautar bairos suka durƙushe. Abin lura a nan, bairos na Yammacin Nilu gida ɗaya suke da dengi da shawara da Zika.

Wuri na biyu shi ne jini da hanta, kuma wannan ba ya buƙatar ɗakin gwaji kafin ka gane shi. Dengi in ta tsananta takan rage ƙwayoyin da ke sa jini ya daskare, ta sa jijiyoyin jini su riƙa yoyo, har a ga haɓo, ko jini a dasashi, ko a amai. Ka ɗauki mutum biyu da irin wannan ciwo ya kama, ɗaya jininsa cike, ɗaya tsutsa mai ƙugiya ta yi shekara uku tana zuƙarsa. Wa kake ganin zai fi jure zubar jini? Haka shawara, hanta take kai wa hari, shi ya sa ido ke yin ɗorawa. Hantar da ƙwan tsargiya ya riga ya cika ta da tabo ba za ta tari wannan harin kamar lafiyayya ba. 'Yan'uwana mata, wannan ya fi shafar ku, domin al'ada da ciki da haihuwa sun riga sun sa ƙarancin jini ya fi yawa a cikinku.

Wuri na uku zai ba ka mamaki: cikin sauron kansa. In sauro ya sha jini mai bairos, sai bairos ɗin ya ratsa bangon tumbinsa, ya hayayyafa, ya kai ga yawunsa kafin ya iya harbin wani. Wannan bangon shinge ne, sau da yawa a nan tafiyar ke ƙarewa. Amma 'ya'yan tsutsar tundurmi da ke yawo a jinin mutum, in sauro ya zuƙe su, huda bangon suke yi su wuce. A 1984 aka wallafa a mujallar Science cewa sauron da ya zuƙi 'ya'yan irin wannan tsutsa tare da bairos na Kwarin Rift a lokaci guda ya fi yaɗa cutar fiye da wanda ya zuƙi bairos kaɗai. A 1987 aka ga makamancin haka da dengi. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, a nan kuwa tsutsa ce mai tsaga bangon.

Wuri na huɗu shi ne kantar mai kemis, kuma shi ya fi tayar mini da hankali domin mu da kanmu muke kai kanmu. Zazzaɓi ya kama ka da ciwon gaɓoɓi kamar ana sara maka ƙashi, ka ce a haɗa maka magani. A cikin haɗin da wuya a rasa diklofenak ko ibufurofen ko asfirin. Ga mai dengi waɗannan haɗari ne, domin suna ƙara zubar jini. Farasitamol ne Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar a sha. Wani lokacin kuma a jefa deksa a ciki don jiki ya yi saurin saki. Akwai wata siririyar tsutsa mai shiga ta fata, masana na ce mata Strongyloides, wadda ke iya zama cikin mutum shekaru da dama shiru. Magunguna irin su deksa suna kwantar da garkuwar jiki, ita kuma da ta samu wannan sarari sai ta hayayyafa ba iyaka, ta bazu zuwa huhu da sauran sassan jiki, kuma hakan yana kisa. A lokacin korona a 2020 sai da Hukumar Lafiya ta Duniya ta ja kunnen likitoci a kan haka. Masu shan "sha ka fashe" don neman ƙiba, ku sani irin wannan maganin ne ke cikin da yawa daga abin da ake sayar muku.

Dubi unguwarmu da kyau

Sauron da ke yaɗa dengi da shawara da cikungunya da Zika a birane, wanda ake kira Aedes, baƙi ne mai ɗigo-ɗigon fari a ƙafafu. Da rana yake cizo, musamman da sassafe da kuma gab da magariba, lokacin da kake zaune a majalisa ko kike shara a tsakar gida. Gidan sauron da ka ɗaura don dare bai gama maka maganinsa ba. Kuma bai damu da kwata ba, ruwa mai ɗan tsabta da ke zaune a cikin mazubi yake so: duro, jarka marar murfi, randa, tsohuwar taya, gwangwani, kaskon ruwan kaji, ledar fiya wata. Daga ƙwai zuwa sauro mai tashi kwana 7 zuwa 10 ne. Ƙwansa yana manne wa jikin mazubi ya yi watanni a bushe, ruwa na taɓa shi ya ƙyanƙyashe.

Yanzu ka lissafa. Gida nawa ne a layinku famfo ke kawo ruwa kullum? Kowa tara ruwa yake yi, daga rijiya ko burtsatse ko 'yan ga-ruwa. Ka leƙa bayan rumfar mai faci a titin Kachia ko hanyar Abuja ka ƙirga tayoyin da ke cike da ruwan sama. Kakuri da Makera sun cika ne da ma'aikatan masaƙu tun da aka buɗe masaƙar KTL a 1957. Ta rufe a 2002, UNTL ta bi baya a 2007, amma gidajen haya masu ɗaki-ɗaki suna nan, iyali goma a kan bandaki ɗaya, kowane ɗaki da duronsa a ƙofa. In Agusta da Satumba suka zo kogi ya cika ya tumbatsa, ruwa ya shiga gidajen bakin gaɓa, masai ya cika ya haɗe da ruwan layi, yara su bi ta ciki ba takalmi. Rana ta fito kuma, a gangara kogi ko rafin Romi a yi wanka, a wanke babur, a ɗebi yashi. A damina ɗaya, a layi ɗaya, yaro ɗaya yana iya kwasar tsutsa da ƙafarsa, ya kwashi tsargiya a rafi, sauro ya ba shi bairos da la'asar.

Amma ka duba yadda ake tunkarar abin. Masu rabon maganin tsutsa su zo makaranta a nasu lokacin. Masu rabon gidan sauro su zo a nasu. Masu allurar rigakafi da nasu jadawalin, duba-gari kuma in an gan su to an zo karɓar tara. Kowa da rigarsa da fom ɗinsa, alhali yaron da suke nema guda ɗaya ne. Rabon maganin tsutsa ya fi karkata ga 'yan shekara 5 zuwa 14, kuma makaranta ce babbar hanyarsa. Almajiri fa? Yarinya mai talla fa? Yaron gareji, da mai ɗiban yashi ɗan shekara 19 da ke wuni cikin ruwa? Waɗanda suka fi kowa haɗuwa da tsutsa su ne layin bai cika biyowa ta kansu ba.

Na san abin da za ka ce

Za ka ce, Malam, gwajin ɓera ne fa. Gaskiya ne, ɓera ba mutum ba ne. Tsutsar da aka yi gwajin 1984 da ita ma 'yar Asiya ce. Tamu ta Afirka ta Yamma sauron maleriya ne ya fi yaɗa ta, kuma 'ya'yanta da dare suke fitowa cikin jini, lokacin da sauron dengi ya rage cizo. Har ma akwai gwajin da aka yi a Edinbura a 2017 da ya nuna tsutsar hanji ta rage wa ɓeraye zafin wani bairos na huhu. Duk na yarda. Amma me nake roƙonka ka yi? Ka rabu da tsutsar da ke shan jininka, ka rufe duronka, ka yi allurar shawara, ka daina shan haɗin da ba ka san abin da ke ciki ba. Ko da a ce gobe an wayi gari babu wata alaƙa tsakanin tsutsa da bairos, wanne ne cikin waɗannan ka yi asararsa? In kuwa alaƙar ta tabbata a jikin mutum yadda ta bayyana a ɗakin gwaji, ka ga ka tsere da tazara.

Za ka ce maleriya ce ke kashe mu, a bar mu mu ji da ita. Haka ne, Najeriya ce ke ɗauke da wajen kashi ɗaya cikin huɗu na masu maleriya a duniya, kuma duk zazzaɓi a fara gwada ta. Maganata a kan ranar da gwajin ya nuna babu ce. Abin gwajin nan na gaggawa da ake ɗiga wa jinin yatsa maleriya kaɗai ya sani. In ya ce babu, sai mu ce ai ta ɓuya ne, a kawo allura. Ko a koma gwajin Widal, wanda likitoci da kansu sun san yana yawan nuna taifot inda babu ita. Ta haka dengi za ta iya yin wata biyu tana zagaya unguwa da sunan maleriya mai taurin kai, ba wanda ya rubuta ta a ko'ina. Cutar da ba a gwada ba ba ta shiga lissafi, wadda ba ta shiga lissafi ba kuwa ba a ware mata ko sisi.

Za ka kuma ce maganin kyauta abin tsoro ne. Wannan tsoron yana da tushe. Iyayenmu ba su manta da gwajin Trovan da aka yi wa yara a Kano a 1996 ba, kuma yana cikin abin da ya sa aka ƙaurace wa rigakafin shan-inna a 2003. Sai dai ka tuna yadda ƙauracewar ta ƙare: yara suka shanye, cutar ta tsallaka wasu ƙasashe, sai a 2020 aka ayyana Afirka ta rabu da ita. Albendazol da mebendazol da ake bayarwa don tsutsar ciki, da farazikwantel na tsargiya, magunguna ne da aka yi shekaru da dama ana sha a duniya, kuma suna nan a kantin magani da kuɗi. Haƙƙinka ne ka tambayi sunan abin da za a ba ƙanenka da dalilin ba shi. Tambaya daban, korar ma'aikata da jita-jitar WhatsApp daban.

Kada kuma wani ya ce maka ba a iya raba mu da tsutsa. A 1988 an ƙirga masu kurkunu sama da 650,000 a Najeriya. Aka bi ƙauye-ƙauye da ƙyallen tace ruwa da wayar da kai, Janar Yakubu Gowon da Cibiyar Carter suna gaba-gaba, a 2013 aka ba ƙasar nan shaidar ta rabu da shi. Yau in ka ce wa ɗan shekara 15 kurkunu sai ya tambaye ka mene ne. A 2017 maƙwabtanmu Filato da Nasarawa suka kawar da tundurmi a matsayin barazana ga lafiyar jama'a, da maganin shekara-shekara da gidan sauro. A 2022 Jigawa ta zama jiha ta farko da aka ayyana ta daina bahaya a fili. Ba Turai aka yi waɗannan ba.

Abin da ke hannunmu

Ka ware rabin awa ranar Asabar. Duk mazubin da ke tara ruwa a gidanku, a juye shi, a goge cikinsa da soso saboda ƙwan da ya manne, a rufe da murfi mai kama baki. Tsohuwar taya a huda ta ko a cika ta da ƙasa. Wannan sauron ba ya nisa da inda aka haife shi, don haka wanda ya cije ka, mai yiwuwa a gidanku ko na maƙwabta ya tashi. Shi ya sa aikin na layi ne gaba ɗaya. Ƙungiyoyin matasan unguwa, na masallaci da na coci, da 'yan ƙwallo, da masu majalisar shayi, in za mu iya haɗa kuɗin kallon wasan Barcelona da Madrid, za mu iya zagaya gida ashirin da soso.

Ka je asibitin sha-ka-tafi na unguwarku ko babban asibiti, irin na Gwamna Awan a Kakuri ko na Sabon Tasha, ka yi maganar tsutsar ciki ba tare da jin kunya ba. Ƙa'idar Hukumar Lafiya ta Duniya ita ce a ba yara magani sau ɗaya a shekara inda kashi 20 cikin 100 ke da tsutsa, sau biyu inda ta kai kashi 50. In kana aiki cikin ruwa ko gona, ko ka taɓa ganin jini a fitsarinka, ka faɗa, a gwada ka. Mai ƙaramin ciki, wata ukun farko, kada ta sha sai da izinin ma'aikacin lafiya. Maganin tsargiya kuma a ci abinci kafin a sha, don yana sa jiri in ciki ba komai. Rashin sanin wannan ne ke sa a ga yara sun galabaita a makaranta har a fara cewa guba aka ba su. Takalmi da wanke hannu da sabulu bayan an fito bandaki su ne ke hana ta dawowa.

Ka tambayi mahaifiyarka katin rigakafinka. Tun 2004 allurar shawara ke cikin jerin da ake yi wa jarirai a wata 9, kuma guda ɗaya ta isa har ƙarshen rayuwa. Da yawa cikinmu a daidai wannan lokacin aka haife mu ko kafinsa, ba mamaki ta wuce mu. In babu shaidar an yi maka, je ka nema. Ba sai za ka hau jirgi ake neman katin ɗorawa ba.

In zazzaɓi ya zo, a gwada. In babu maleriya, ga ciwon kai mai tsanani, ciwo a bayan ido, ciwon gaɓoɓi ko ƙuraje, ka buɗe baki ka tambayi likita ko dengi ce. Ka sha ruwa sosai, ka tsaya a farasitamol, ka kwanta cikin gidan sauro ko da rana ne don kada sauro ya ɗauka daga jikinka ya kai wa 'yan gidanku. Ka kuma riƙe wannan: haɗarin dengi ya fi yawa a lokacin da zafin jikin ya sauka. Ciwon ciki mai tsanani, amai ba ƙaƙƙautawa, jini a hanci ko dasashi, ko mutum ya yi laushi ya kasa zama, wannan asibiti ne kai tsaye, ko ƙarfe nawa ne.

Ga hukumomi kuma, Ma'aikatar Lafiya ta Jihar Kaduna da ƙananan hukumomin Kaduna ta Kudu da Chikun, buƙatunmu ba su da yawa. A samar da kayan gwajin dengi a manyan asibitocin wannan ƙetaren, a horar da ma'aikata su riƙa tunawa da ita. Ranar rabon maganin tsutsa a bi tsangayu da garejoji da kasuwanni da bakin kogi, kada a tsaya a aji kawai. Tawagar da ta shigo layi da gidan sauro ta zo da maganin tsutsa, ta duba katin rigakafi, ta leƙa duro. Kaduna ba baƙuwa ba ce a wannan fage. A nan ƙungiyar Sightsavers, wadda ta daɗe tana tallafa wa yaƙi da cututtukan da aka yi watsi da su, take da ofishinta na ƙasa. Sannan uwa uba ruwan famfo da bandakunan jama'a, domin ranar da ruwa ya wadata duro zai rage, ranar da bandaki ya wadata ƙwan tsutsa zai rasa hanyar komawa baki.

Mu kuma da ke koyon aikin jarida, a aji ana koya mana cewa labari shi ne sabon abu, mai girgiza mutane. Da wannan ma'aunin tsutsar ciki ba za ta taɓa shiga kanun labarai ba, dengi kuma sai ta fara kisa. Kowace 30 ga Janairu ana bikin ranar cututtukan da aka yi watsi da su, a yi jawabi a ɗauki hoto a watse. Kai mai shafi a Facebook, ke mai mabiya a TikTok, ku masu shirin safe a gidajen rediyon garin nan, bidiyon minti ɗaya da ke nuna 'ya'yan sauro suna wutsil-wutsil a duron wani gida a Trikania zai fi jawabin awa guda aiki. Ku je ku ɗauko, ku tambayi mai gidan izini, ku nuna yadda ake wankewa.

Kafin damina ta gaba ta sauka, ka yi ƙoƙari ka cika uku: duron gidanku ya samu murfi, kai da ƙannenka ku sha maganin tsutsa bisa shawarar ma'aikacin lafiya, ka kuma san ko an taɓa yi maka allurar shawara. In ka yi, ka tura wa na kusa da kai ya yi nasa.

Allah ya ƙara mana lafiya. Sai mako mai zuwa.